Kyalami 1981: Tseren da Aka Ci, Aka Ƙi Rubutawa

Ranar Asabar 7 ga Fabrairun 1981, motocin tsere 19 suka yi layi a filin Kyalami da ke arewacin Johannesburg a Afirka ta Kudu. Sama ta yi duhu, kwalta ta jiƙe sharkaf. Mai kallo daga nesa zai rantse gasar Formula 1 ce ta buɗe kakarta kamar yadda aka saba. Sai dai duk wanda ya san dawan garin zai lura babu jar motar Ferrari, babu rawayar Renault, babu Alfa Romeo, babu Ligier. Kuma duk wanda ya zo na ɗaya a ranar, ko maki guda ba za a rubuta masa ba.

Tseren da ba ya cikin lissafin gasar duniya ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. A shekarun 1950 da 1960 irinsa sun yi yawa, musamman a Ingila da Italiya da Faransa. Ana zuwa ne don kuɗin lada da gwajin sabuwar mota. Na ƙarshensu an yi shi a Brands Hatch a 1983, Keke Rosberg ya lashe. Amma na Kyalami daban yake, domin rigima ce ta haife shi.

Rigimar tsakanin giwaye biyu ce. Akwai hukumar da ke tsara dokokin wasan a lokacin, FISA, ƙarƙashin Bafaranshe Jean-Marie Balestre, mutum mai son a san shi ne shugaba. Akwai kuma ƙungiyar masu motoci, FOCA, wadda akasarinta ƙananan kamfanonin Ingila ne irin su Williams, Brabham, Lotus, McLaren da Tyrrell, jagoranta Bernie Ecclestone, lauyanta Max Mosley. A baki, gardamar kan wani ɗan sashe ne na jikin mota. A ciki kuwa, maganar kuɗin talabijin ce da wanda zai riƙe linzami.

Wannan sashe ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Injiniyoyin Lotus sun gano a ƙarshen shekarun 1970 cewa idan aka siffanta ƙarƙashin mota kamar fiffiken jirgin sama da aka kifa, iskar da ke bi ta ƙasa za ta zuƙe motar ta manna ta da kwalta. Don kada iskar gefe ta shigo ta ɓata aikin, sai aka sa wasu faifai a gefe biyu, suna hawa suna sauka, kullum bakinsu na goge ƙasa. Turawa suka sa musu sunan siket. Da su mota ke shan kwana a gudun da a da sai mai neman lahira zai gwada. Ƙananan kamfanonin Ingila, waɗanda kusan duk injin Ford Cosworth iri ɗaya suke saye, da wannan dabara suke kamo Renault mai injin turbo. Balestre ya ce siket haɗari ne, ya haramta shi daga 1981, ya kuma ce dole a bar tazarar santimita 6 tsakanin mota da ƙasa. Maganar haɗarin gaskiya ce. Amma 'yan FOCA sun ga wa dokar za ta yi wa daɗi: Ferrari da Renault da Alfa Romeo, masu ƙera injinsu da kansu, waɗanda kuma ke bayan Balestre.

Tun a 1980 abin ya fara wari, lokacin da aka yi tseren Sifaniya a Jarama, Alan Jones ya ci, FISA ta ce ba ta san zancen ba. Da aka zo kan Kyalami, hukumar ta nemi a ɗage tseren zuwa Afrilu. Masu shiryawa sun riga sun ƙulla yarjejeniya kan Fabrairu, FOCA kuwa ta ce ko ana ha-maza ha-mata sai an yi. Aka yi shi a wajen dokar Formula 1, motoci da siket ɗinsu.

Nelson Piquet na Brabham, ɗan Birazil, shi ya fara daga sahun gaba, da tayoyin ruwa masu zane kamar yawancin direbobi. Carlos Reutemann na Williams, ɗan Ajantina, ya dubi sama ya yi kasada: ya sa sulɓaɓɓun tayoyin rani a kan jiƙaƙƙiyar hanya. Da farko ya sha wuya, ana ta wuce shi. Can sai ruwa ya ɗauke, layin da motoci ke bi ya fara bushewa, masu tayar ruwa suka riƙa shiga rumfa ɗaya bayan ɗaya suna canji. Shi bai tsaya ba. Bayan zagaye 77 ya zo na ɗaya, Piquet na biyu, Elio de Angelis na Lotus na uku. Har da mace a cikin direbobin ranar, Desiré Wilson 'yar ƙasar, a motar Tyrrell, ko da yake ba ta kai ƙarshe ba.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk hayaniyar nan ba a kan wariyar launin fata aka yi ta ba. Nijeriya da ƙasashen Afirka da dama sun ƙaurace wa gasar Olamfik ta Montreal a 1976 saboda batun Afirka ta Kudu, amma Formula 1 ta ci gaba da zuwa Kyalami har 1985.

Tseren ya yi aikin da aka shirya shi dominsa. An nuna shi a talabijin, duniya ta ga za a iya tsere ba tare da sa hannun Balestre ba. A watan Maris aka sasanta da yarjejeniyar Concorde, mai sunan dandalin birnin Paris inda hedikwatar hukumar take: FISA ta riƙe dokoki, siket mai motsi ya tafi, FOCA ta samu ikon cinikin talabijin. Daga nan arzikin Ecclestone ya tashi.

Wanda ya biya kuɗin sulhun shi ne Reutemann. A gasar shekarar ya ci tseren Birazil, ya ci na Beljiyam, ya daɗe yana jan ragamar gasar. A tseren ƙarshe, a filin ajiye motoci na otal ɗin Caesars Palace da ke Las Vegas, ya shiga da ratar maki ɗaya a gaban Piquet, ya kuma fara daga sahun gaba. Sai ya dinga zamewa baya har ya ƙare na takwas. Piquet, a galabaice saboda zafi, ya lallaɓa ya zo na biyar, ya ɗauki maki 2. Lissafi ya tsaya 50 da 49. A lokacin na ɗaya maki 9 yake samu, na biyu 6. Da an ƙirga Kyalami, da Reutemann na da 58, Piquet 56.

Masoyansa a Ajantina har yau suna riƙe da wannan lissafi. Ni dai ban cika yarda da shi ba, domin da tseren na gasa ne, da Renault da Ferrari sun zo, kuma a tudun Kyalami inda iska ba ta da kauri injin turbo ya fi kowa numfashi. Reutemann bai jima ba ya ajiye tuƙi a farkon 1982, ya koma gona, daga baya ya shiga siyasa, ya yi gwamnan lardin Santa Fe sau biyu, ya rasu a 2021 yana sanata. Kundin gasar duniya ya rubuta masa nasara 12, kuma ta ranar 7 ga Fabrairu ba ta ciki.