Nordlingen: Garin Da Talauci Ya Tsare Wa Ganuwa

A kudancin Jamus, cikin jihar Bavaria, akwai wani gari da ake kira Nordlingen, wanda jama'arsa ba ta wuce 20,000 da 'yan kai ba. In yawan mutane ne abin dubawa, bai kai wata unguwa guda ta birnin Kano ba. Amma yana cikin 'yan tsirarun garuruwan Jamus da ganuwarsu ke tsaye kewaye da su har yau, babu inda ta yanke. Tsawonta ya haura kilomita biyu da rabi, ƙofofinta biyar, kuma mutum yana iya hawa bisanta ya zagaye garin kaf a ƙarƙashin rufin katako, ya dawo inda ya faro ba tare da ya sauko ba. Na yi wannan zagaye a lokacin da nake karatu a ƙasar, kuma tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce: me ya hana a rushe ta, alhali Munich da Frankfurt sun rushe nasu tun da daɗewa?

Kafin amsar, sai mai karatu ya san ƙasar da garin yake kai. Kimanin shekara miliyan 15 da suka wuce, wani dutse mai faɗin kusan kilomita ɗaya ya faɗo daga sararin samaniya ya daki wurin, ya bar kwari mai zagaye kamar faranti, faɗinsa wajen kilomita 24. Kwarin shi ake kira Ries, kuma a cikinsa garin yake zaune. An daɗe ana zaton bakin tsohon dutse mai aman wuta ne, har zuwa 1960, lokacin da masana duwatsu biyu daga Amurka, Eugene Shoemaker da Edward Chao, suka gano a cikin dutsen yankin wani ma'adini wanda ba ya samuwa sai an yi matsi mai tsananin da aman wuta ba ya iya kawowa. Abin mamakin shi ne, da wannan dutse magabatan garin suka gina babbar majami'arsu ta Saint Georg tsakanin 1427 da 1505, har da hasumiyarta mai tsawon mita 90 da suke kira Daniel. A cikin dutsen akwai ƙwayoyin daimon birjik, sai dai ƙanƙantarsu ta sa ido ba ya ganinsu, kasuwa kuma ba ta da abin yi da su. A watan Agustan 1970 'yan sama-jannatin Apollo 14, Alan Shepard da Edgar Mitchell, sun zo kwarin don su koyi gane irin duwatsun da za su tarar a duniyar wata. Yau a gidan tarihin kwarin, wanda aka buɗe a 1990 cikin wani tsohon sito, akwai gutsuren dutsen wata da Apollo 16 ya ɗebo.

An fara ambaton garin a rubuce a shekarar 898. A 1215 sarki Frederick na Biyu ya mai da shi gari mai cin gashin kansa, wanda ba ya ƙarƙashin kowane hakimi sai sarkin daular kansa. Arzikinsa ya taso ne daga fatauci. Hanyoyi biyu manya sun haɗu a wurin, kuma kasuwar shekara-shekara da ake ci a garin, wadda aka ambata tun 1219, ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a kudancin Jamus. Masaƙa na saƙa ulu da lilin, majema kuma na da unguwarsu a bakin kogin Eger, da dogayen gidaje masu benen shanya fatu waɗanda har yanzu suna nan. Da gari ya cika ya batse, sai a 1327 sarki Ludwig na Bavaria ya ba da umarnin gina sabuwar ganuwa da za ta haɗe unguwannin waje. Ita ce ake gani yau.

Kada a ɗauka zamanin wadatar nan zamanin adalci ne. An sha karkashe Yahudawan garin, kafin a kore su baki ɗaya a farkon ƙarni na 16. Tsakanin 1589 da 1598 kuwa majalisar garin ta ƙone mutum fiye da 30 bisa zargin maita, kusan dukkansu mata. Hanyar ɗaya ce: a gallaza wa mace har ta amsa laifi, ta kuma ambaci wasu. Wata mai masauki, Maria Holl, an azabtar da ita fiye da sau 50 ta ƙi amsawa, har garin Ulm ya sa baki aka sake ta a 1594. Taurin kanta ya karya lagon masu shari'ar. Na ga alamar tunawa da aka gina mata a wani dandali na garin, kuma a ganina ta fi hasumiyar daraja.

Sai yaƙi ya zo. A watan Satumbar 1634, cikin Yaƙin Shekara Talatin, rundunar daula da ta Sifaniya suka yi wa garin ƙawanya, suka kuma murƙushe sojojin Suwidin da suka zo ceto a kan tuddan da ke kusa. Yunwa da annoba suka ƙarasa abin da bindiga ta bari. Garin ya rasa kimanin rabin mutanensa, kuma bai sake kai yawan da yake da shi kafin yaƙin ba sai a 1939, wato bayan shekara ɗari uku. A daidai wannan zamani fatauci ya karkata zuwa biranen bakin teku. A farkon ƙarni na 19 garin ya rasa 'yancinsa, ya zama ɗaya daga cikin garuruwan karkarar Bavaria.

Ga amsar tambayata a nan. Birnin da ke bunƙasa shi ke jin ganuwa ta matse shi, ya fasa ta don titi da filin gini. Nordlingen bai bunƙasa ba, saboda haka bai ji matsin ba, kuma rusau ma aiki ne mai cin kuɗi. Amma talauci kaɗai da bai isa ba, domin an soma taɓa wasu sassanta. Abin da ya tsayar da hannu shi ne umarnin sarki Ludwig na Ɗaya a 1826, wanda ya hana rushe ta. Da jirgin ƙasa ya iso a 1849, a wajen ganuwa aka yi tasha, kuma a can masana'antu suka bi.

Dole mutumin Kano ya karanta wannan da ɗan ɗaci a baki. Badalar da aka aza harsashinta tun zamanin sarki Gijimasu ta girmi ganuwar Nordlingen, tana kuma cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, amma kowa ya san yadda masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye suka yi da ita. Na yarda cewa kwatancen bai cika ba: tasu ta dutse ce, tamu ta ƙasa mai bukatar yaɓe bayan kowace damina, kuma Kano gari ne da ke ƙaruwa kullum. Sai dai wannan bambanci shi ya sa birni mai haɓaka ya fi bukatar dokar da za a bi, tunda shi ba shi da talaucin da zai yi masa gadi.

Yau garin yana cin moriyar abin da bai rushe ba. Yana kan hanyar 'yan yawon buɗe ido da ta tashi daga Wurzburg zuwa Fussen, kuma a 2022 UNESCO ta sa kwarin Ries cikin wuraren tarihin ƙasa na duniya. Amma baƙi ba su ne dukkan abincinsa ba. Ƙasar kwarin tana da albarkar hatsi, kuma kamfanin wallafa littattafai na C.H. Beck, wanda aka kafa a garin a 1763, ko da yake ya mai da hedikwatarsa Munich, maɗaba'arsa tana nan. Masu sha'awar ƙwallo kuwa, a nan aka haifi Gerd Muller a 1945, wanda ya ci wa Jamus ƙwallon da ta ɗauki kofin duniya na 1974.

Har yanzu garin yana biyan mai gadi a saman hasumiyar Daniel, bayan matakala 350, kuma duk rabin sa'a daga ƙarfe goma na dare zuwa sha biyu yana leƙowa ta taga ya yi kira. Mutanen garin suna danganta kiran da wata almara ta 1440: wai wani hakimi maƙwabci ya saye masu tsaron ƙofa suka bar ta a buɗe, sai wata mata da ta fito da dare ta tarar da alade yana soshe-soshe a jikin ƙofar har ta wangale, ta kwarara ihu, gari ya farka.