ƘARAMAR SHANYEWAR JIKI: TA WUCE, AMMA TA BAR ƁARNA A ƘWAƘWALWA

Daga Wakilinmu na Arewa, Kontagora

'Yan'uwa mazauna Kudu, na Sabon Ibadan da Shagamu da Agege da Idi-Araba, yawancinku kun san Kwantagora, ko da a cikin mota ne, domin nan hanyar Ikko zuwa Sakkwato ta ratsa bayan an baro Jebba da Mokwa. To, a wannan gari na Sarkin Sudan, kamar sauran garuruwanmu, akwai wata cuta da ke yi wa magidanta sanɗa, jama'a kuwa ba su ɗauke ta bakin kome ba.

Ga yadda takan zo. Mutum yana zaune lafiya lau, sai bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya yi nauyi, ko harshe ya sarƙe, ko ido ɗaya ya dushe. Kafin a kira mai mota abin ya wuce, sau da yawa cikin 'yan mintoci. Sai a ce gajiya ce, ko iska ce ta buge shi, a yi hayaƙi, gobe ya koma kasuwa.

Likitoci sun ce wannan ita ce ƙaramar shanyewar jiki. Gudan jini ne yakan toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, sa'an nan ya narke ko ya gusa. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke cin wajen kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke ɗauka. Saboda haka ko yaya jini ya yanke mata, sai wani yanki ya galabaita.

A da akan ɗauka in alamu sun tafi, shi ke nan. Yanzu na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sun nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda suka ce sun warke sarai suna da ɗan tabo a ciki. In abin ya yi ta maimaituwa, tabo ya haɗu da tabo, ƙananan jijiyoyi su ƙanƙance, naman ƙwaƙwalwa kansa sai ya riƙa motsewa fiye da yadda tsufa kaɗai zai sa. Daga nan sai a ga dillalin da ke riƙe lissafin shanu hamsin a ka ya fara ruɗewa a kan canjin naira ɗari biyar, ko uwar gida ta manta ta sa gishiri a miya, ta sake sawa. Tunani ya yi nauyi, ga saurin fushi. Iyali su ce tsufa ne, alhali mutumin bai kai sittin ba.

Wannan ba zancen Turai kaɗai ba ne. A 2014 Dokta Rufus Akinyemi da abokan aikinsa sun buga sakamakon binciken da suka yi a Ibadan da Abeokuta a kan waɗanda suka tashi daga shanyewar jiki. Wata uku bayan ciwon, wajen mutum 4 cikin 10 sun sami raunin tunani, wasu kuma abin ya kai su ga cikakkiyar ruɗewa. A 2015 suka ƙara nuna cewa raunin yana tafiya tare da motsewar sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye abin da aka tuna. A Amurka kuma, masu bincike na Jami'ar Alabama sun bayyana a 2025 cewa waɗanda ƙaramar ta taɓa sama, tunaninsu yakan riƙa raguwa shekara bayan shekara da sauri fiye da na tsaransu masu lafiya.

Mene ne tushen abin? A 2018 aka buga wani babban bincike da Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya shugabanta, wanda ya haɗa asibitocin Nijeriya da Gana, har da na koyarwa na Kano da Zariya. An duba majiyyata fiye da 2,000, aka tarar hawan jini shi ne uban tafiya, nesa ba kusa ba. Bayansa akwai yawan kitse a jini, da ciwon sukari, da yawan cin nama, da ƙarancin cin ganye, da shan taba, da barbaɗa gishiri a abinci bayan an dafa. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum zai shekara goma da shi bai ji ko ciwon kai ba.

Amma akwai albishir. A 2007 Farfesa Peter Rothwell na Jami'ar Okosfod a Ingila ya nuna cewa in aka fara magani nan da nan bayan ƙaramar, haɗarin aukuwar babbar yakan ragu da wajen kashi 80 cikin 100. Watau ƙaramar gargaɗi ce, kuma kwanakin farko su ne mafi hatsari.

To, ina mafita? Da an ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, a nufi asibiti a ranar, ko da abin ya wuce. Kada a ɗura wa maras lafiya ruwa ko rubutu yana cikin halin, don yana iya shaƙewa. Kada kuma a ba shi asfirin kafin likita ya duba, domin wata shanyewar fashewar jijiya ce ke kawo ta, asfirin sai ya ƙara zubar jinin. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Ku da ke Ikko da Ibadan, manyan asibitocin koyarwa suna kusa da ku, na Ikko ma a Idi-Araba yake. Iyayenku na gida kuwa suna iya farawa daga Babban Asibitin Kwantagora, in ana bukatar ƙarin bincike a tura su Minna ko Bida ko Sakkwato. Shawarata ita ce, cikin kuɗin da kuke aikowa gida ku ware na awon jini. In awo ya riƙa kaiwa 140 bisa 90, to, a ga likita, kuma in an fara shan magani ba a dainawa don an ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Zogale da rama da alayyaho kuwa ga su nan a bayan gida.

In kun buga waya kun ji Baba yana maimaita tambaya ɗaya sau uku, kada ku yi dariya ku ajiye. Ku tambayi mutanen gida ko bakinsa ya taɓa karkacewa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya, amin.