Ciwon jijiya da ya ƙi tafiya: kafin mu ci bashi don na'urar bugu

Ƴan'uwa mata, daga Maraɗi zuwa Tibiri da Jiratawa aikinmu kusan iri ɗaya ne: daka, jan guga, murza tunkuza a fidda man gyaɗa, tsugunno a garkar zogale, ga doguwar tafiya da kaya a kai ranar Litinin da Juma'a. Duk jijiya ce ke ɗaukar nauyin nan, wato farar igiyar da ta ɗaure tsoka ga ƙashi. Inda ta fi kuka shi ne agara a bayan dunduniya, gwiwar hannu, da kafaɗa. In ciwon ya wuce wata 3, safiya ta yi kin kasa taka ƙasa sai jiki ya yi ɗumi, to zaren jijiyar ne ya gaji ya yamutse. Shi ya sa ƙwayar mai talla ke kwantar da shi yau, gobe ya dawo. Mace ta daina sana'a, zubin mako ya gagara.

Akwai wata na'ura da masu gashin ƙashi, waɗanda muke ce wa kine, ke aiki da ita a manyan likitoci na duniya. Ba lantarki take sa wa jiki ba, kar sunan ya ba mu tsoro. Ana shafa mai, a ɗora kanta a wurin ciwon, ta riƙa aika bugu mai ƙarfi cikin nama, kamar sau 2000 a ƴan mintuna, sau ɗaya a mako, zama 3 zuwa 5. Akwai zafi, wurin kan yi ja. Asalinta ta fasa tsakuwar ƙoda ce, an fara a birnin Munik na Jamus a 1980, daga baya aka juyo da ita kan jijiya. Masana na ganin bugun yana rage jin zafi, yana kuma tada jijiyar ta shiga gyaran kanta.

To amma wane ne uban aikin? A 1998 wani lokotoro a Suwidin, Hakan Alfredson, ya sa mutum 15 masu tsohon ciwon agara motsa ƙafa na mako 12, dukkansu suka koma gudu. Ga yadda ake yi. Ki tsaya da gaban ƙafa a bakin dakali ko matakala, ki dafa bango. Ki yi ɗage da ƙafa biyu, ki ɗauke mai lafiyar, sannan ki sauko a hankali, a hankali, kan mai ciwon. Mai lafiyar ce za ta sake ɗaga ki. Sau 15, a huta, har zagaye 3 da gwiwa a miƙe, 3 da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma. Da yawa, wallahi, don haka a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. In ciwon yana daidai inda agara ta kama ƙashin dunduniya, a yi a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, kar dunduniya ta zarce ƙasa. Ɗan zafin da za a iya daurewa ba laifi. Mai suka kamar wuƙa, a dakata.

A 2009 wani lokotoron Jamus, Jan Rompe, da abokan aikinsa suka raba marasa lafiya 68 gida biyu. Rabi motsa ƙafar kawai, rabi motsa ƙafa da na'ura. Bayan wata 4, mutum 19 cikin 34 na rukunin farko sun warke ko sun samu sauƙi sosai, a na biyu kuma 28 cikin 34. Da shekara ta zagayo, bambancin ya ɓace. A fahimtarmu na'urar gaggauta sauƙi take yi, kuma babu wanda aka yi wa ita ya zauna bai motsa ba.

Saboda haka ba mu ga dalilin mace ta ci bashin asusu, ko ta saida akuya, ta kama hanyar Yamai ko Kano neman na'ura alhali ba ta cika makonta 12 ba. Ta fara zuwa likita a tabbatar jijiya ce, don ciwon gaɓɓai da ciwon sukari ma suna kawo irin wannan kuka. In ta cika makonnin ciwo na nan, sai ta tambayi kine: zama nawa, jika nawa gaba ɗaya, wane motsi za a haɗa da shi? Ba a yi wa mai juna biyu, ko mai shan maganin tsinka jini, ko a kan gyambo.

A kuma yi hattara da allurar kortizon kusa da agara, tana raunana ta. Ƙwayar siprofloksasin da ake sha barkatai don zawo ko taifot ita ma tana iya jawo ciwon jijiya har ta tsinke. Wadda ciwon ya taso mata tana cikin sha, ta koma wurin lokotoro. Wadda kuwa ta ji kamar an maka mata sanda a bayan ƙafa, ta kasa yin ɗage, ba ta gashi ko mai ɗori ba ce, a kai ta babbar likita ran nan.