Tsohuwar Golf da Ciwon Zafi: Kafin a Kai Ta Gareji

Duk wanda ya tsaya a Kwangila a Zariya ya kalli motocin da ke bin titin Sakkwato zuwa Samaru da Shika, ba zai rasa ganin ƙananan motocin nan masu guntun baya ba: Golf 3, Peugeot 206, Starlet da Micra. Malaman jami'a na hawansu, 'yan haya na cika su da fasinja da buhuna. An fara ƙera Golf 3 a Jamus a 1991, aka daina kafin shekarar 2000, ita kuwa 206 ta fito a 1998. Yawancinsu sai da suka gama bauta a Turai kafin su shigo ta Kwatano ko Legas. Tsufa kam akwai shi, amma abin da ya fi kashe su a nan shi ne gyaran canki-canka, inda ake sauya kaya kafin a san ciwo.

A ɗauki zafin inji, wanda ke tsananta a watannin Maris da Afrilu. Da zarar allurar zafi ta ɗaga, abin da ake yawan ji a gareji shi ne, "Alhaji, motar ƙasar sanyi ce, a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye." Tamostat ɗin nan ɗan bawul ne da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai digiri 85 zuwa 90, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. A wannan zafin aka tsara injin ya yi aiki, a Jamus ko a Zariya. In an cire shi, injin zai daɗe bai ɗumama ba da safe, musamman a hunturu, ƙwaƙwalwar motar ta ci gaba da zuba mai fiye da kima, filogi ya yi baƙi, baƙin mai ya tsinke. Mai mota ya koma yana kukan shan mai, alhali ainihin ciwon na nan inda yake.

Ainihin ciwon kuwa ba ya wuce wurare kaɗan. Ko lagireto ya toshe da tsatsa saboda an shekara ana ɗura masa ruwan rijiya ko na leda maimakon ruwan sanyaya inji, ko murfin ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa ya gaji, ko makunnin fanka ya mutu. A Golf 3 akwai bututun roba mai tauri da ke manne a jikin inji, wanda ke tsagewa in ya tsufa, yana ɗigar da ruwa a ɓoye. Duba waɗannan ba ya cin awa guda. Barinsu kuma yana ƙona gaskit. Alamar hakan ita ce farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa a salansa, da kumfa a tulun ruwa, da baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara a ƙarƙashin murfi. Kada a kuskura a buɗe murfin ruwa inji na da zafi.

Hayaƙin ma labari yake bayarwa. Shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa, kuma sau da yawa matatar iska ce ƙurar hunturu ta toshe.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, direbobi da yawa sun koma sayen lita biyar, lita uku, suna yawo allura na ƙasa. A motoci masu nozul, famfon mai a cikin tanki yake, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Tankin da kullum yake a bushe yana gasa famfon, ya kuma sa shi zuƙar dattin ƙasa. Motar sai ta fara shaƙewa a kan hawa, ko ta mutu in ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce. Sai dai kwil mai tsagewa ma haka yake yi, shi ya sa ya kamata a auna ƙarfin turin mai da na'ura kafin a sayi sabon famfo.

Ƙafar mota ta fi sauƙin ganewa. Ƙas-ƙas-ƙas yayin shan kwana shaf ne, kuma kusan kullum daga yagewar robar da ke rufe shi ake farawa, giris ya fita, yashi ya shiga. Robar araha ce, shaf ɗin kuwa da tsada. Mai 206 ya riƙa tsayawa a bayan motarsa yana duba tayoyin baya: in kawunansu sun karkata ciki, boris ɗin gatarin baya ya cinye, ciwon da aka san wannan mota da shi har a Faransa.

Motar da ta ƙi tashi da safe ba lallai batir ne ya mutu ba. Lafiyayyen batir na nuna kusan bolt 12.6 a kashe, in inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. In ya nuna ƙasa da haka inji na aiki, altaneta ce ba ta caji. Motocin fetur da aka sayar a Turai daga 2001 duk suna da wurin jona na'urar bincike, sai dai na'urar yanki kawai take nunawa, bakanike ne zai bi waya ya gano laifin.

Wajen kayan gyara, ko a shagunan Sabon Gari aka saya, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, 'yan Baljiyam, wato tsofaffin kayan Turai, na iya fin sabo na jabu ƙarko a ƙarfe irin su shaf da kik. Amma ban da taimin bel. Yawancin injinan Micra sarƙa suke amfani da ita, Golf 3 da 206 kuwa bel ne na roba, kuma in ya tsinke a 206 fistin na iya dukan bawul ya lanƙwasa su. Wanda ya sayi irin wannan mota bai san ranar da aka sauya bel ɗinta ba, ya sa sabo mai kyau tare da abin ɗaure shi tun a makon farko, ya rubuta kilomitar da motar ta nuna a ranar.