Babi na Bakwai: Wanda Zai Fara Kiwon Kyanwa, Shawarar Wa Zai Bi?

A Kagara ta ƙasar Goronyo, da ma garuruwan Wurno da Rabah, da wuya ka ji wanda ya ɗauko kyanwa don ado. Ɓera ne yake sa a nemo ta. Yanki ne na noma, ga gero da dawa a rumbu, ga shinkafar fadamar Wurno, ga albasa da tafarnuwar da ake nomawa da ruwan madatsar Goronyo a kan kogin Rima. Duk inda aka tara hatsi kuwa, kusu, kamar yadda Sakkwatawa ke kiransa, sai ya zo karɓar rabonsa. Dalilin da ya haɗa mutum da mussa, wato kyanwa, ke nan tun asali. Masana sun nuna cewa kyanwar gida jikar kyanwar daji ce da ta fara raɓar manoman Gabas ta Tsakiya wajen shekara 10,000 da suka wuce, tana bin ɓerayen rumbunansu.

Yanzu mai son fara kiwo ba ya rasa mai ba shi shawara. Ya buɗe waya sai bidiyo da rubuce-rubuce su yi masa rubdugu. Sai dai yawancinsu an tsara su ne don gidajen Ingila da Amurka, inda ake sayen abincin kyanwa a gwangwani, a sayi yashin da za ta yi kashi a buhu, wata ma ba ta taɓa taka ƙasa ba. A ganina, jagoran da ya dace da mutumin Kagara shi ne wanda za a iya aiki da shi da abin da ke cikin gida. Akwai kuma hanyar gwada shi.

Fara duba abin da ya ce game da abinci. Kyanwa maciyar nama ce, jikinta na buƙatar wani sinadari mai suna taurin, wanda a nama da kifi ake samunsa. Idan ta daɗe ba ta samu ba, ganinta yakan lalace, zuciyarta ta raunana. Tuwo da miya kaɗai ba su riƙe ta. Amma ba sai an yi kashe kuɗi ba: guntayen huhu da tumbi daga mahauta, kan kifi da aka dafa aka cire ƙaya, dafaffen ƙwai jefi-jefi, duk suna yi. Masu cewa a bar ta da yunwa don ta fi kama ɓera sun yi kuskure, domin farauta a jininta take, kuma mai ƙarfi ta fi ramammiya iya dako da tsalle. Madarar shanu kuwa tana sa manyan kyanwoyi da yawa gudawa. Ruwa mai tsabta a kasko, a inuwa, ya fi mata, balle a bazara da zafin Sakkwato ke haura digiri 40.

Abin da ya fi damuna shi ne guba, don a nan ne masu kyakkyawar niyya suke kashe dabbarsu da hannunsu. Albasa da tafarnuwa, waɗanda muke alfahari da nomansu, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ɗanye ne ko dafaffe, don haka ragowar miyar da ta ji albasa ba tata ba ce. Farasitamol, ko ƙwaya ɗaya, yana iya halaka ta, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin feshin gona da wasu ke shafa mata don ƙuma ko kaska shi ma ajali ne. Haka nan gidan da ya ajiye kyanwa ya daina zuba maganin ɓera, domin idan ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma ta sha. Duk jagoran da bai ja kunne kan waɗannan ba, ajiye shi.

Sauran ba su da wuya. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, kuma kada a raba ɗa da uwarsa kafin mako 8. Tsohon kwano da yashi a ciki ya isa makewayi, a riƙa zubarwa kullum. Mai juna biyu dai ta bar wa wani wannan aikin, don kashin kyanwa na iya ɗauke da cutar da ke taɓa ɗan tayi. Da kyanwa ta kai wata 3 a yi mata allurar ciwon haukan kare, a kuma nemi maganin tsutsar ciki wurin malamin dabbobi. Idan abin ya fi ƙarfinsa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Malamanmu na karantar da cewa kyanwa ba najasa ba ce, kuma sauran ruwan da ta sha mai tsarki ne. Kowa ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Wanda ya kawo ta gida ya ɗauki amana.

Saboda haɗarin ciwon haukan kare, idan kyanwar da ba ka san lafiyarta ba ta cije ka ko ta yakushe ka, ko ta yi wa yaronka, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe.