Yatsu Sun Tuna, Fata Ta Manta

Idan damina ta tsaya a Funtuwa ko Malumfashi, ɗalibin da ya dawo hutu daga makarantar kwana yakan ɗauki fartanya ya kama noma kamar jiya ya ajiye ta, amma kafin magariba tafinsa ya yi bororo. Haka ta faru gare ni da na koma kaɗa jita bayan shekara 20: yatsuna sun tuna hanya, fatarsu kuwa ta manta.

Dalili shi ne, gwanintar da maimaici ya haifar ƙwaƙwalwa ke adana ta, musamman ƙaramin sashenta na wajen ƙeya mai daidaita motsi. Tun 1885 masanin Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa sake koyon abin da aka manta ya fi koyon farko sauri. Kanta kuwa tarin matattun ƙwayoyin fata ce. In yatsa ya daina gugar tsirkiya, a hankali take zubewa.

Saboda haka, mai komawa ga jita, garaya ko gurmi ya fara da minti 15 kullum har kanta ta dawo. Kada zafin makon farko ya sa shi zaton girma ya raba shi da kiɗa.