Ko Kun Sani? Kafin Otal, Gidan Maigida ne Masaukin Ankara

A 1923 ne layin dogo ya haɗa birnin Ankara na ƙasar Gana da Kumasi. Don jigilar koko Turawa suka zuba kuɗin, amma fataken Hausawa masu safarar goro su ma sun ci moriyarsa.

A wancan zamani, baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa ba otal yake nema ba, zango yake tambaya. Can maigida zai ba shi ɗaki da tabarma, ya adana masa kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya masa in an yi ciniki bashi. Ladan dillanci shi ne ribarsa. Wannan amana ta raya ciniki fiye da yadda ake faɗa. A kanta unguwar Sabon Zongo ta Malam Baƙo ta cika, daga baya unguwannin Nima da Maamobi suka biyo.

 In kun je Nima, ku tambayi dattawa labarin masaukan nan.